Ammu Kada Bai Yi Fatur Ba

A Hillar Gobirawa, wadda ke gefen hanyar Suki kafin a kai Sinnar, ba a taɓa rasa masu ilimi ba. Amma wanda ilimi ya shige shi ta ƙeya, mutum ɗaya ne tak, shi ne Salmanu.

Salmanu ya yi shekaru yana tuƙa raksha, wato keken haya mai taya uku, a Wad Madani. Cikin fasinjojinsa akwai wata Daktora mai koyar da malaman ƙananan yara a jami'a, yakan kai ta aiki da safe ya ɗauko ta da la'asar. Baiwar Allah ba ta shiga raksha sai da waya a kunne tana yi wa ɗalibanta bayani. Shi kuwa yana gaba, iska ta kwashe rabin maganar, ragowar rabin ta sauka a ƙeyarsa. Da rakshar ta gaji ta kwanta, aka ɗoro ta a bayan lori zuwa gida, Salmanu ya sauka da tayoyi uku, da jallabiya biyu, da tabbacin cewa duk tsawon kogin nan babu wanda ya san kan yaro kamarsa.

"Kan yaro kamar injin raksha yake," in ji shi a wurin mai shayi. "Jahili ƙara kawai yake ji. Ni in na ji ƙarar, na san wane ƙarfe ke motsi."

"Shi ya sa taka ta dawo a bayan lori," in ji Uzairu.

Uzairu taubashinsa ne, kuma shi ne gafirin tur'a, wato mai buɗe ruwa da rufewa a babbar magudanar da ke shayar da gonakin gari. Tun suna yara ba ya barin maganar Salmanu ta faɗi ƙasa ba tare da ya taka ta ba.

Ana nan sai Ramla malamar rauda ta haihu. Rauda ita ce makarantar 'yan ƙanana masu shekara huɗu da biyar, ɗaki guda da rumfa a gabansa, can ƙarshen gari. Ramla ta tafi wankan jego gidan iyayenta a Suki, kuma kowa ya san daga can mijinta Sinnar zai wuce da ita. Mabuɗin rauda ya koma aljihun Alhaji Hamid shugaban lajna, wato kwamitin gari, tsoho mai magana kamar sayar masa da kalmomin ake yi.

Salmanu ya wanke jallabiya, ya naɗa rawani har hawa uku, ya same shi a gindin dogonyaro.

"Baba Alhaji, mabuɗin nan ni ya dace da shi. Na karanci yara."

"A ina?"

"A jami'a."

"Ka shiga ciki?"

"Har bakin ƙofa. Kullum, safe da yamma."

Alhaji Hamid ya dube shi tun daga rawani har takalmi. "Ni karatu bai dame ni ba, tur'a ta dame ni. Tana bayan raudar, kuma yara ba sa rabuwa da ita. Bara ɗan gidan Yakubu ya faɗa, da kunne aka zaro shi. Ramla ta yi tsawa, ta yi tsumagiya, ta yi alawa, ba su bari ba. Ga mabuɗi aro. In ka raba su da tur'a kafin arba'in ɗin Ramla, ya zama naka, kai ne Ustaz na rauda. In ka kasa, ka maido mini shi yadda na ba ka."

"Arba'in ya yi yawa, Baba. Ba ni mako guda."

"Na ba ka arba'in."

Salmanu yana da dabara tun kafin ya kai gida. Ya taɓa jin Daktora ta ce ba a hana yaro, labari ake ba shi ya hana kansa. Akwai abin da ta ƙara bayan wannan, amma a daidai lokacin wata lori ta yi oda.

Ranar farko ya zaunar da yaran a tabarma, su wajen ashirin, ya ɗauki gawayi ya zana kada a jikin bango, tun daga taga har ƙofa, baki a wangame.

"Wannan kada ne. Timsah, ga waɗanda Hausarsu ta gudu. A cikin tur'ar nan yake, ƙarƙashin gada. Duk yaron da ya je kusa, haɗiye shi yake yi, ko tauna ba ya tsayawa yi."

Ya tsaya yana jiran kuka. Ba wanda ya yi kuka.

Hiba ta ɗaga hannu. Jikar Alhaji Hamid ce, 'yar shekara biyar, kitso biyu a ka, tambaya ɗari a baki.

"Ustaz, dariyar mi yake yi?"

"Ba dariya ba ce. Haƙora ne."

"Ni ma in na yi dariya haƙorana suna fita."

"Baba," in ji Ziyad, ɗan Salmanu na cikinsa.

"A nan Ustaz nake."

"Baba Ustaz, ƙafarsa uku."

"Huɗu ne. Ɗayar tana ta bayansa, ba a ganinta."

Yaran suka miƙe gaba ɗaya suka fice. Suka zagaya bayan ɗakin, suka duba bangon da kyau, suka dawo suka zauna.

"Babu," in ji Ziyad.

"Gurgu ne," in ji Yalwa, ƙaramarsu duka.

"Ustaz, don mi yake cin yara?" in ji Hiba.

"Don yana jin yunwa."

"Ba a ba shi fatur?"

"Wa zai ba kada fatur?"

Yaran suka kalli juna, suka yi tsit. Salmanu ya san tsoro in ya gan shi. Ya koma gida ya ce wa matarsa Hadizatu ta zuba masa shayi mai kauri, ya gama da maganar tur'a.

Fatur shi ne abincin hantsi da kowane yaro ke zuwa da shi a ɗan kwano, wani ful, wani kisra da miya, wani burodi da ta'amiyya. Kafin mako ya fita, iyaye mata suka ga abin mamaki. Yaran da ake bi da kwano ana roƙo, yanzu su ke cewa a ƙara, a kuma danna. Matar Yakubu ta aiko wa Salmanu da nono don godiya.

"Baban Ziyad," in ji Hadizatu, "ɗanka kwano biyu yake tafiya da su, ya dawo kuma ya ci abincin rana kamar wanda ya kwana a gona."

"Ilimi ne. Yana buɗe ciki. Daktora ta sha faɗa."

"Wuyansa kuma ya ƙara tsawo."

"Shi ma ilimi ne."

Wata rana da hantsi ya sallame su su ci fatur a rumfa, ya ɗan kishingiɗa don ya yi nazari. Da ya farka daga nazarin, rumfa babu kowa. Ya zagaya baya, sai ga raudar gaba ɗayanta a kan gadar tur'a, sun jeru, sun juye abincinsu a wani babban murfin tukunya. Hiba ta leƙa ruwa tana kira a hankali.

"Ammu Kada, fatur ya zaka. Yau akwai ƙwai."

A garin nan duk namijin da ya girmi yaro Ammu ne, kuma ba wanda ya ce musu a cire masu wutsiya.

Salmanu ya koro su kamar awaki har cikin ɗaki, ya rufe ƙofa, ya tsaya yana haki.

"Ban ce muku yana cin yara ba?"

"In ya ƙoshi ba ya ci," in ji Hiba. "Tunda muka fara ba shi, ya ci wani?"

Salmanu ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Kowa na nan.

"Ka gani," in ji Hiba.

"Kuma cinyewa yake yi tas," in ji Ziyad. "Jiya har murfin ya wanke ya kife."

Salmanu bai san kada da yawa ba, amma ya san mutum ɗaya a bakin tur'a da ke kife kwano in ya gama. Da aka tashi ya nufi rumfar gafir. Ya tarar da Uzairu a kan gadon igiya yana sakace, kumatunsa sun yi wani sheƙi da ba a san su da shi ba.

"Ashe kai ne."

"Ni gafir ne, ya zol, bawan Allah. Aikina kar wani abu ya toshe ruwa. In na ga tarkace a kan gada, sai in kawar."

"Cikin cikinka?"

"Nan ne ya fi kusa."

"Gobe ka gaya musu babu komai a ruwan nan."

"Ni? Kai ka saka shi, kai za ka fitar. Ni jahili ne, ban karanci yara ba. Amma in ka ga matar Yakubu, ka ce mata ful ɗinta gishiri ya yi kaɗan."

Salmanu bai karaya ba. Mai ilimi ba ya janye labari, gyara shi yake yi. Washegari ya sanar da yaran cewa kada ba ya cin kisra, ba ya cin ful, nama kaɗai yake ci. Ya san nama ba ya hannun yara.

Da yamma Hajiyar Alhaji Hamid ta nemi busasshen naman da ta shanya a igiya ta rasa. Gidan Yakubu aka buɗe tukunya aka tarar da romo yana ta neman abin da aka dafa shi da shi. Hadizatu kuma ta tare Ziyad a bakin ƙofa, cikinsa ya yi tulu, kuma cikin yana ƙyarƙyara.

"Mi ke cikin rigarka?"

"Ba komi."

"Ba komi ɗin ya fito da ƙafa."

Ta ƙwace wannan. Amma kazar gidan su Yalwa ta isa, kuma an ce har ta fara ƙwai a rumfar gafir.

Salmanu ya sake gyara. Ya ce kadan barci yake yi, barci mai nauyi na wata guda, kuma ba ya son a matso kusa. Yaran suka gane. Washegari suka tafi da sanɗa, ɗaya da matashin kai, ɗaya da bargon kakarsa. Suka zauna a bakin ruwan suna gadi, suna korar jakuna, suna ce wa masu wucewa su rage murya. Yalwa ta yi masa waƙar rarrashi. Da wani manomi ya tayar da injin ban ruwa, Hiba ta je ta tsaya a gabansa, hannu a ƙugu, har ya kashe.

"Ya tafi," in ji Salmanu a rana ta gaba. "Ya yi tafiya Sinnar. Babu kowa a tur'a."

"Da wace ƙafa?" in ji Ziyad.

"A bas."

Suka tare direban bas ɗin Sinnar suka tambaye shi ko ya ɗauki wani Ammu gurgu mai haƙora da yawa. Direban ya ce kullum yana ɗaukar irinsu. Hankalinsu ya kwanta, suka koma kan gada suna jiran dawowarsa, don ba a barin matafiyi ya iso ya tarar ba kowa. Abinci dai aka daina kaiwa. Uzairu ya jure kwana biyu. A na uku ya biyo ta gaban rauda, ya ce wa Hiba cikin raɗa ya ji motsi da asuba, da alama an dawo, kuma da alama ba a ci komai a hanya ba.

Da farko manya dariya suke yi. Amma ƙasar nan ba baƙuwar kada ba ce, kogi yakan kawo su lokacin cika, kuma tsofaffi suna da labarai da tabo. Da aka tambayi Uzairu a wurin mai shayi, sai ya gyara zama.

"Ni ban ce na gani ba, ban ce ban gani ba. Amma wani abu shina cin abincin nan. Wannan kam zan iya tsayawa a kai."

Daga nan mata suka daina wanki a tur'a. Masu awaki suka koma zagaye mai nisa. Wani ya ga wutsiya, wani ya ga ido, matar Yakubu ta ji tari. Uzairu kuma ya ce shi mai iyali ne, ba zai shiga ruwa ya cire ciyawar da ta toshe ƙofar ruwa ba. Ruwa ya ja baya, albasar Alhaji Hamid ta fara sunkuyar da kai.

Alhaji ya aika a kira Salmanu gindin dogonyaro, lajna na zaune.

"Da can yara biyu ko uku ke zuwa tur'a," in ji shi. "Yanzu raudar duka ke zuwa. A layi."

"Wannan mataki ne, Baba Alhaji. Daktora tana kiransa mataki na biyu."

"Na ukun a cikin ruwa ake yinsa?"

Salmanu ya gyara rawani.

"Tambaya guda. Kadan nan, akwai shi ko babu?"

Salmanu ya auna. In ya ce babu, shi ne maƙaryacin da ya busar da albasa ya kwashe naman mutane, kuma mabuɗi ya tafi. In ya ce akwai, laifin na kada ne.

"Akwai."

"Wa ya fara ganinsa?"

"Ni."

"To kai ka fi kowa saninsa. Juma'a bayan la'asar ka fitar mana da shi. In ka fitar, yara ba su da wanda za su kai wa abinci, mabuɗi ya zauna a aljihunka. In ba ka fitar ba, ka san inda nake zama."

A nan ya kamata mutum ya yi shiru. Salmanu ya ce wannan ƙaramin aiki ne, ai a Damazin ya taɓa riƙe wani kada ta muƙamuƙi har sai da ya yi tari. Uzairu da ke gefe ya ce bai san Salmanu ya taɓa wuce Singa ba, balle ya kai Damazin. Salmanu ya ce da dama abin da jahili bai sani ba.

Abu na farko da ya yi, ya hana kai abinci kwata-kwata. Lokacin fatur ya kulle ƙofa ya zauna a bakinta har kowa ya cinye nasa, suna ci suna kallon taga. Abu na biyu, ya shiga aiki a bayan gidansa da tsakar rana, lokacin da zafi ke kwantar da gari. Ya aro buhuna daga rumbun Alhaji Hamid, aron da mai kaya bai sani ba. Ya cusa musu ciyawa da karan dawa, ya ɗinke da basilla. Ya yanka tayar raksha ya jera a gadon baya. Idanu murafun kwalba. Haƙora kuwa ya rasa abin da ya fi busasshiyar kuɓewa tsini, sai ya kwashe ta Hadizatu.

Hadizatu ta tsaya a kansa da tsintsiya.

"Baban Ziyad, wannan wane mataki ne?"

"Na ƙarshe."

"Ƙafa nawa za ka sa masa?"

"Huɗu mana."

"Yara ƙafa uku suka sani."

Ya cire ɗaya.

"Manya kuma sun san kada huɗu gare shi."

Ya mayar. Ya tsaya yana kallon abin, gumi na ɗiga daga hancinsa. Daga ƙarshe ya yanke ta huɗun a gwiwa, uku da rabi, kowa ya samu nasa.

"Kuɓewata fa?"

"Za a maido miki bayan ya mutu."

Ranar Laraba da rana tsaka ya ɗora shi a keken jaki ya rufe da ciyawa, ya kai ƙarƙashin gada, ya shafe shi da laka, ya ɗaura masa igiya ya nutsar. Uzairu na kallo daga rumfa.

"Ka kawo mini ɗan'uwa?"

"Ka rufe bakinka."

"Bakina yana rufuwa in da abin da ke ciki. Kwana uku ka hana ni fatur."

Salmanu ya ba shi burodin da ke aljihunsa.

Ranar Juma'a bayan la'asar, gari ya kwashe ya koma bakin tur'a. Har daga ƙauyukan maƙwabta an zo. Wata mata ta kafa murhu tana sayar da jabana, wato gahawa, samari sun ɗaga wayoyi, an kawo wa Alhaji Hamid kujera. Yaran rauda suna gaba, iyayensu na riƙe da wuyan rigunansu.

Salmanu ya fito da gajeren wando da mashin aro, rawani na nan hawa uku. Ya yi jawabi a kan jarumta da ilimi, ya ce duk wanda zuciyarsa ba ta da ƙarfi ya juya baya. Ba wanda ya juya. Ya shiga ruwa har ƙugu, ya soki nan, ya soki can, ya yi kururuwa, ya daki ruwa da mashi. Sai santsin laka ya ɗebe shi, ya nutse gaba ɗaya, rawanin ya ci gaba da tafiya shi kaɗai ya nufi gonaki.

"Kadan ya ci ɗaya," in ji Uzairu.

Salmanu ya ɓullo yana tari, igiya a hannu. Ya ja, abin bai motsa ba. Kwana biyu buhuna da ciyawa suna shan ruwa, sun yi nauyin saniya. Ya nemi a taimaka, maza suka ce ai su ba su je Damazin ba. Dole aka ɗaura igiyar a keken jaki. Jakin ya ja, ya tsaya ya yi tunani, ya sake ja.

Abin ya fito, baƙi, dogo, laka na zuba. Mutane suka ja da baya. Gaskiya a faɗa, daga nesa ya yi kada. Wata tsohuwa ta yi salati.

Da Salmanu ya tsaya nan, wataƙila da ya sha. Amma akwai wayoyi a sama, kuma mai kashe kada yakan ɗora ƙafa a bayansa. Ya ɗora. Ya ɗaga mashi. Ya buɗe baki zai yi jawabi na biyu, sai ƙafar ta shige har gwiwa. Ɗinki ya ɓalle tun daga wuya har wutsiya. Ruwa ya kwararo, da ciyawa, da karan dawa, da 'yan ƙananan kifi biyu da suka kama haya a ciki. Kuɓewar da ke bakin ta jiƙa ta yi laushi, yauƙi na dalala har ƙasa. A gefen ciki kuma, inda laka ta wanke, ga jan da'irar da Alhaji Hamid ke shafa wa buhunansa.

Alhaji ya miƙa wuya daga kujera.

"Wanga kada ya yi kama da buhunana."

"Haɗiye su ya yi, Baba Alhaji."

"Ta waje?"

Dariya ta fara tasowa daga baya. Kafin ta iso gaba, Hiba ta zame daga hannun uwarta. Ta je ta tsuguna a gaban kadan, ta sa hannu a cikinsa ta zaro ciyawa ta duba. Ta sake zarowa. Ta miƙe ta dubi Salmanu.

"Ciyawa ya ci."

"Hiba, koma wurin mamanki."

"Kai ka hana mu kai masa fatur. Ya ji yunwa, ya ci ciyawa, ba ƙwai ko ɗaya. Sannan ka soke shi."

"Kuma shi bai ci kowa ba," in ji Ziyad.

"Ƙafarsa ma ta fara tsirowa," in ji Yalwa, tana nuna guntuwar. Daga nan ta buɗe baki. Sauran suka karɓa. Yara ashirin in sun haɗa kuka, jaki ma ja da baya yake yi.

Salmanu na tsaye da ƙafa ɗaya a cikin kada. Ya dubi yaran, ya dubi lajna. Ya san babu mai ba mutum rauda in yaran raudar na kuka in sun gan shi. Ya ɗaga murya yadda za ta fi kukan.

"Ku yi shiru, ba kada ba ne. Ba a taɓa yin kada ba. Buhu ne. Ni na ɗinke shi da hannuna, da basilla, a bayan gidana."

Kukan ya tsaya. 

Ziyad ya matso, ido jajir.

"Baba Ustaz, tun yana da rai ka ɗinke shi?"

Kukan da ya biyo baya, an ce an ji shi a Suki.

Alhaji Hamid ya bari ya lafa, sannan ya tashi da sandarsa ya tsaya gaban yaran.

"Ranar Lahadi wa zai je rauda wurin Ustaz?"

Kowane yaro ya shige bayan zanen uwarsa. Ziyad ya duba bai ga tasa kusa ba, ya shige bayan matar Yakubu.

Alhaji ya miƙa tafin hannu. Salmanu ya laluba wandonsa, ya zaro mabuɗin da laka a jikinsa, ya ɗora.

"Na ce yadda na ba ka."

Salmanu ya karɓa, ya goge a cinyarsa, ya sake ɗorawa.

Alhaji ya so a wanke masa buhunansa, amma Hiba ta ce ba a barin Ammu a waje ƙudaje na binsa. Ya dubi jikarsa, ya dubi buhunan, ya ce a kawo wa Salmanu shebur. Aka binne shi nesa da ruwa, Hadizatu na gefe tana kallon kuɓewarta na shiga rami. A wurin ne Alhaji ya lura da wani abu. In Salmanu ya tsaya gabas da ramin, yaran su koma yamma. In ya zagayo yamma, su kwashe su koma gabas.

Ranar Lahadi mabuɗin ya tafi hannun Ruqaya, ƙanwar Ramla. Alhaji kuma ya sa aka kai tabarma kan gadar tur'a, ya ce Salmanu ya riƙa zama a nan tun safe har a tashi rauda.

"In yi mi, Baba Alhaji?"

"Ba komi. A gan ka kawai."

Tun daga ranar ba a sake ganin yaro a bakin tur'ar ba. In sun fito fatur suka hango shi, sai su rungume kwanukansu su koma ciki. Uzairu ya koma shiga ruwa yana cire ciyawa, kumatunsa sun koma yadda aka san su, kuma ba ya gaisawa da taubashinsa sai dole.

Salmanu na nan a kan gada da sabon rawani. In baƙo ya biyo, yakan tsayar da shi ya nuna masa bakin ruwan, tun daga ƙofar ruwa har gonaki, fayau.

"Duba da kyau, ya zol. Ka ga yaro?"

Baƙon ya duba ya ce a'a.

"To wannan aikina ne."

Kuma duk garin babu wanda ya isa ya ƙaryata shi.